Kafin Likita Ya Taɓa Ƙodar Mutum, A Kan Ta Dabba Yake Koyo

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ɗaliban ajujuwan yaƙi da jahilci na Gusau da Tsafe da Bungudu. An buga shi a nan don waɗanda ba su sami halarta ba su karanta, su kuma karanta wa na gida.



Maganar yau a kan ƙoda ce, da yadda likita yake koyon yi mata aiki. Abin da ya kawo maganar shi ne wani tsoro da ya daɗe a zukatan mutanen karkara. Mutum zai sha wahalar ciwon kwiɓi ko na fitsari. A kai shi asibiti a Gusau, a ɗauki hotonsa, likita ya ce sai an yi aiki. Da jin haka sai 'yan'uwa su koma gefe su yi shawara. Wani ya ce ai yara ne, koyon aiki za su yi a kansa. Wani ya ce ƙodar za su cire su sayar. Kafin gari ya waye an sa mara lafiya a mota an koma gida. Bayan wata shida ko shekara sai a sake dawowa da shi, alhali ƙodar da a da za a iya cetowa ta riga ta lalace.

Tambayar da mutanen nan suke yi ba ta banza ba ce. Duk wanda za a kwantar a yanka, yana da hakkin ya san inda mai wuƙar ya koyi aikinsa. Amsar kuwa za ta ba wasu mamaki. Wani babban ɓangare na koyon nan, da kayan cikin dabbobi ake yin sa, irin waɗanda ake saye a kwata wurin mahauta.

Aikin ƙoda a jiki

Kowa ya san ƙoda, domin babu gidan da ba a taɓa yanka akuya ko rago ba. Idan aka buɗe cikin dabba aka kwashe tumbi da hanji, za a ga ƙoda biyu a manne da baya, kitse ya lulluɓe su. Haka take a jikin mutum. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, a ƙarƙashin haƙarƙarin baya. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba.

Ƙoda mataci ce. Jini yana shiga cikinta da datti, ya fito a tace. Dattin da ruwan da ya yi wa jiki yawa su ne fitsari. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. A kwana ɗaya suna tace ruwa kamar lita 180, watau cikin jarka 9 mai cin lita 20. Amma kusan duk ruwan nan jiki yana mayar da shi. Abin da ke fita fitsari lita ɗaya ne zuwa biyu. Fitsarin yana taruwa a wani ɗan mazurari a tsakiyar ƙoda. Daga nan ya bi wani siririn bututu, wanda kaurinsa bai fi robar tawada ta cikin biro ba, ya gangara mafitsara.

To, ba kowane ciwon ƙoda ne ake yi wa aiki ba. Ya kamata a gane wannan tun da wuri. Hawan jini da ciwon sukari suna cin matatan nan a hankali. Yawan shan maganin ciwon jiki na 'yan talla, ba da izinin likita ba, shi ma yana yi musu lahani. Haka kuma gubar dalma, wadda mutanen Zamfara suka ga ta'adinta a shekarar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Irin wannan lalacewa wuƙa ba ta gyara ta. Maganinta ƙwayoyi ne da kiyaye abinci, in ta yi tsanani kuma sai wankin ƙoda ko dashe.

Wanda ake yi wa aiki daban ne. Akwai tsakuwa da ke fitowa a cikin ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana yana gumi, ba ya shan isasshen ruwa. Idan ƙanana ce, kamar ƙwayar dawa, yawanci takan fita da kanta, ko da yake mai ita zai ji jiki. Idan ta kai gyaɗa ko goro, sai an cire. Akwai toshewar bututun fitsari, wadda wani akan haife shi da ita, wani kuma tsargiya ce ta jawo masa tun yana yaro yana wanka a rafi. Akwai ƙari da ke fitowa a ƙoda. Akwai kuma rauni na haɗarin mota, ko sara, ko harbi. Waɗannan su ne suke bukatar hannun likitan fiɗa.

Me ya sa aikin yake da wuya?

Abu na farko jini ne. Cikin jinin da zuciya take turawa, kusan kashi ɗaya bisa biyar ƙoda yake zuwa. Fiye da lita ɗaya ke nan a kowane minti. Idan likita ya kuskure babbar jijiya, jini zai cika wurin kafin ya ɗaga kai. Don haka idan za a yanke wani sashe na ƙoda, akan matse jijiyar a tsayar da jinin tukuna. Amma ƙoda ba ta jure rashin jini na dogon lokaci. Likita yana da kamar minti 25 zuwa 30 ya yanke, ya ɗinke, ya saki jijiyar. Ba lokacin tsayawa tunani ba ne.

Abu na biyu, naman ƙoda yana da taushi. Duk matar da ta taɓa yanka ƙoda za ta soya ta san haka. Idan aka ja zare da ƙarfi sai ya tsaga naman. Idan aka yi masa sako-sako kuma sai wurin ya yi yoyo. Sanin daidai ƙarfin da za a ja, ba a littafi ake samun sa ba. A yatsu yake zama, kamar yadda mai ɗinkin hula yake jin zare a hannunsa ko da yana hira.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka kwantar da mutum ba ranar koyon ƙulla zare ba ce.

Shekarun koyo

A Nijeriya, wanda zai zama likita yana yin shekara 6 a jami'a. Ya yi shekara ɗaya a asibiti a ƙarƙashin manya. Ya yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Duk da haka bai zama likitan ƙoda da mafitsara ba. Sai ya sake shiga horo na shekara 5 ko 6 a babban asibiti, yana cin jarrabawa mataki-mataki. Masu yin jarrabawar nan hukumomi biyu ne: kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Legas, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Idan aka haɗa, shekarun ba su kasa 13 ba bayan gama sakandare.

A farkon wannan horo akwai kwas na koyon aikin hannu. Nan ne kayan kwata suke shigowa. Akan shirya ɗaki da tebura, kowane tebur da faranti, da almakashi, da hantsaki, da allura da zare. Masu koyo su sa safar hannu kamar dai a ɗakin tiyata suke. Amma abin da ke cikin farantin ba mutum ba ne. Fata ce ta dabba, ko hanjin saniya, ko jijiya, ko ƙoda.

Da ƙulli ake farawa. Mai koyo zai yi ta ƙulla zare, da hannu biyu, da hannu ɗaya, a sarari, da kuma a cikin rami mai zurfi inda yatsu ba sa sakewa. Daga nan ya koyi yanka fata da ɗinke ta. Sai a ba shi hanji, a raba shi biyu, a ce ya haɗa. Idan ya gama, malami zai ɗaure bakin hanjin, ya ɗura ruwa mai launi da sirinji. In ɗinkin ya yi kyau, hanjin zai kumbura, ruwa bai fita ba. In da kuskure, ruwan zai tsiyayo kowa ya gani. Babu gardama, babu kara. Sai a warware a sake. A faranti, kuskuren nan asarar ɗan hanji ce kawai. A cikin mutum kuwa, rai ne.

Ƙodar akuya da ta saniya

Idan aka zo kan ƙoda, kowace dabba da irin darasinta. Wannan kuwa abu ne da mahauci zai fi kowa ganewa.

Ƙodar akuya da ta tunkiya sumul suke, siffar wake. Daga waje sun yi kama da ta mutum, sai dai sun fi ƙanƙanta. Da su ake koyon ɓare tantani, da gane jijiyar da ke kawo jini, da wadda ke mayar da shi, da bututun fitsari, domin ukun nan wuri ɗaya suke shiga. Da su kuma ake koyon yanke wani ɓangare a ɗinke sauran. Malami zai iya yin alama a jikin ƙodar ya ce nan ne ƙari yake. Ya duba agogo ya ce a fara. Mai koyo ya yanke, ya ɗinke, ana lissafa masa minti.

Ƙodar saniya kuwa gunduwa-gunduwa ce daga waje, ba ta yi kama da ta mutum ba. Amma idan aka tsaga ta, za a ga ƙananan ɗakuna da yawa a ciki inda fitsari ke taruwa. Ta mutum ma haka take, tana da irin ɗakunan nan kusan 10. Ta akuya ba ta da su. A cikin ɗakunan nan tsakuwa take ɓuya. Saboda haka ƙodar saniya tana da amfani wajen koyon neman tsakuwa.

A ƙasashen Turai da Amurka da Sin sun fi amfani da ƙodar alade, domin ita ta fi kusa da ta mutum ciki da waje. A ƙasar Hausa ba kowa zai yarda ya taɓa ta ba, ba kuma a kowace kasuwa za a same ta ba. Shanu da awaki da tumaki kuwa, Allah ya hore su. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda duniya ta san fatarta, ƙodarta ma tana iya zama allon karatu.

Neman tsakuwa da allura

A da, idan za a cire tsakuwa, sai an tsaga kwiɓi tsawon taki guda ko fiye. Mutum ya yi kwanaki a kwance, ya yi watanni bai ɗaga fartanya ba. Har yanzu ana yin wannan aiki inda babu kayan zamani, kuma yana ceton rai. Amma a shekarar 1976 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin suka nuna wata hanya. Sai a huda baya da doguwar allura har cikin ɗakin da tsakuwar take. A faɗaɗa hanyar kaɗan-kaɗan har ta kai faɗin ɗan yatsa. A zura bututu mai fitila da madubi, a farfasa tsakuwar, a kwashe. Tabon da zai rage ɗan ƙarami ne, mutum kuma ya fi saurin komawa gona.

Wuyar aikin nan ita ce hudawar farko. Likita ba ya ganin ƙodar da idonsa. Hoto yake kallo a na'ura, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita, ko kuma hoton ƙashi. Ga huhu a sama, ga hanji a gaba, ga hanta ko saifa a gefe. Allura ta kauce kaɗan, an sami matsala.

Ga dabarar da malaman likitoci suka ƙirƙiro. Sai a sami ƙodar dabba tare da bututunta. A buɗe ta kaɗan, a cusa 'yan tsakuwoyi a cikin ɗakunan, a ɗinke. A ɗura ruwa ta bututun don ɗakunan su buɗe. Daga nan a naɗe ƙodar da tsoka da fata. Wasu a cikin figaggiyar kaza suke cusa ta, domin haƙarƙarin kazar ya tsaya a madadin na mutum. Mai koyo ya ɗora na'urar hoto a kai, ya nemi ɗaki, ya soka allura. Idan ruwa ya ɗigo ta gindin allurar, ya dace. Idan bai ɗigo ba, ya zare ya sake. Zai iya sakewa sau ashirin a yini ɗaya, babu wanda ya ji ciwo.

Kaza tana da wani amfanin kuma. Kowa ya san 'yar jakar nan da ke wuyan kaza, inda hatsi ke taruwa idan ta ci. Jakar da bututun da ke manne da ita sun yi kama da mazurarin ƙoda da bututun fitsari. Likitoci a ƙasar Indiya suka lura da haka, suka mayar da ita abin koyon gyaran toshewar ƙoda. A yanke wurin da ya tsuke, a sake haɗa bututu da jaka, a ɗura ruwa a ga ko zai yi yoyo. Jijiyoyin fiffiken kaza da na cinyarta kuma, da su ake koyon ɗinkin jijiya siririya da zaren da ya fi gashin kai sirantaka.

Akwai kuma aikin da ake yi ta 'yan ƙananan huji uku ko huɗu a ciki, likita yana kallon talabijin. A shekarar 1990 aka fara cire ƙoda ta wannan hanya a Amurka. Mai koyonsa akwati ake ba shi, mai huji-huji, da kyamara a ciki. A sa ƙodar dabba a akwatin a rufe. Ya riƙe dogayen sanduna biyu masu baki kamar hantsaki, ya yi ɗinki yana kallon talabijin. Ranar farko, ko allura ba ya iya ɗauka. Wanda ya tuna ranar da ya fara riƙe fensir a aji, hannu yana rawa, baƙi yana fita daga layi, ya san yadda abin yake.

Ba yau aka fara ba

Kada a ɗauka wannan sabuwar dabara ce ta Turawa. A ƙasar Andalus, can inda Sifen take a yau, an yi wani likita Musulmi mai suna Ibn Zuhr, mutumin birnin Ishbiliya, wanda ya rasu a shekarar 1162. Ya so ya san ko za a iya huda maƙogwaro don mai shaƙewa ya sami numfashi. Bai gwada a kan mutum ba. Akuya ya samu ya yi mata, ya yi jinyarta har ta warke, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Kafin shi an yi Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013. Shi kuma ya yi amfani da zaren hanjin dabba wajen ɗinkin cikin mutum, domin jiki yana narkar da shi, ba sai an sake buɗewa a cire ba. Har gobe akwai irin wannan zare a asibitoci.

A kan ƙoda kuwa, a shekarar 1869 wata mata a garin Haidelbag na Jamus ta sami yoyon fitsari bayan wani aiki da aka yi mata. Likita Gustav Simon ya yi ƙoƙarin toshe wurin, abin ya faskara. Ya ga babu mafita sai cire ƙodar ɓangaren. Amma a lokacin ba a tabbatar mutum zai rayu da ƙoda ɗaya ba. Sai ya gwada a kan karnuka tukuna, ya ga sun rayu. Sa'an nan ya yi wa matar, ta kuwa tashi.

Dashen ƙoda ma haka ya biyo. Wani Bafaranshe, Alexis Carrel, ya koyi haɗa jijiya da jijiya a jikin dabbobi, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1912. Da irin ɗinkinsa ake dasa ƙoda har yau. Likita Joseph Murray na birnin Boston a Amurka ya daɗe yana gwada dashe a kan karnuka. A watan Disamba na 1954 ya ɗauki ƙoda daga jikin wani saurayi ya dasa wa ɗan'uwansa, tagwaye ne masu kama ɗaya. Wannan shi ne dashen farko da ya yi nasara. Wanda aka dasa wa ya ƙara shekara 8 a duniya. Wanda ya bayar kuwa ya rayu shekara 56 da ƙoda ɗaya, sai a 2010 ya rasu.

A Nijeriya an fara dashen ƙoda a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ya fi kusa da mutanen Zamfara, ya yi nasa na farko a 2025.

Abin da nama ba ya koyarwa

Gaskiya ita ce, ƙodar faranti ba ta zubar da jini. Ba ta motsi. Ta mutum mai rai kuwa tana hawa tana sauka duk lokacin da ya ja numfashi. Nama ba ya da hawan jini, ba ya da iyali a bakin ƙofa suna jira. Saboda haka wanda ya ƙware a faranti bai gama ba. Zai shiga ɗakin tiyata ya tsaya yana kallo. Bayan wani lokaci a ba shi riƙon ƙarfe. Daga nan a bar shi ya rufe fata. A hankali a ba shi wani sashe na aikin, babban likita yana tsaye a gabansa, hannu a shirye. Kowane aiki ana rubuta shi a littafi, babba ya sa hannu. Kamar ɗan mahauci ne. Yakan fara da wanke hanji da riƙe ƙafa, ya daɗe kafin a ba shi wuƙa ya feɗe sa shi kaɗai.

Don haka idan aka ga matasan likitoci a kewaye da gado a babban asibiti, ba abin tsoro ba ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wane ne babban da aikin yake hannunsa?

Yanzu akwai ƙodar roba, da na'urar kwamfuta da ke kwaikwayon aikin. Suna da kyau, amma tsadarsu ta fi ƙarfin asibitoci da yawa, kuma roba ba ta yin taushin nama. Ƙodar kwata kuwa kuɗinta kaɗan ne, kuma dabbar an riga an yanka ta don ci, ba don wannan aka kashe ta ba. Sharaɗi dai shi ne a samo ta daga dabbar da malamin dabbobi ya duba, domin akwai cututtuka irin su tarin fuka da ke tsallakawa daga shanu zuwa mutum. A ajiye ta cikin sanyi. Idan an gama kuma a ƙone ko a binne. Ba ta komawa tukunya.

Jita-jita biyu

Wani zai ji wannan bayani ya tafi ya ce ashe ƙodar akuya ake sa wa mutane. Ba haka ba ne. Koyo kawai ake yi da ita. An taɓa gwadawa a Faransa a shekarar 1906. Wani likita ya haɗa wa wata mara lafiya ƙodar akuya, wata kuma ta alade, duka biyun ba su yi aiki ba. Jikin mutum yana ƙin naman da ba nasa ba. A shekarar 2024 likitoci a Boston sun dasa wa wani mutum ƙodar alade da masana suka sauya wa halitta, ya yi kamar wata biyu ya rasu. Wannan bincike ne da ake yi can, ba abin da ake yi a asibitocin ƙasar nan ba ne.

Ta biyu ita ce maganar satar ƙoda. Ƙoda ba kayan gyaran mota ba ce, da za a cire a ajiye a shago. Kafin a yi dashe sai an gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa an ga sun dace. Sai an tara likitoci da ma'aikata da yawa. Ƙodar da ta lalace da tsakuwa ko mugunya har aka ce a cire ta, ba ta da amfani ga kowa. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 kuma ta haramta saye da sayar da sassan jikin mutum.

Amma duk da haka ba a ce mutum ya saki jiki da kowa ba. Akwai masu buɗe ɗaki a lungu su rataya allo, su sa farar riga, su yanka mutane, alhali ba su bi matakan nan ba ko ɗaya. Wajen irin waɗannan haɗarin yake. Sanin cikin akuya bai mayar da mahauci likita ba, haka nan daɗewa a asibiti ana miƙa almakashi bai mayar da mutum likitan fiɗa ba.

A nan ne karatun da ɗalibai suke yi zai yi musu rana. Kafin kowane aiki akan kawo takardar yarda. Mutane da yawa dangwala yatsa kawai suke yi. Wanda ya iya karatu ya duba sunansa. Ya duba an rubuta dama ko hagu. Idan da Turanci take, ya nemi a fassara masa da Hausa kafin ya sa hannu. Ya tambaya, tsakuwa za a cire ko ƙodar gaba ɗaya? Ɗayar ƙodar lafiyarta ƙalau? Wane likita ne zai yi? Kwana nawa za a yi a kwance, kuma nawa za a kashe? Bayan aiki yana da hakkin a nuna masa abin da aka cire, a kuma ba shi takardar sallama mai bayanin abin da aka yi. Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi.

Ina za a nufa?

Ga alamun da ba a zama da su a gida: ciwon kwiɓi mai tsanani da ke saukowa mara, jini a fitsari, fitsari ya ragu ko ya tsaya, kumburin fuska da ƙafafu, ko zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe, domin yana iya zama toshewa ce ta haɗu da ƙwayar cuta.

Mutumin Tsafe ko Bungudu ya fara da babban asibitin garinsu. A gwada fitsari, a auna jini. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba shi takarda zuwa Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Daga can, in da bukata, a tura shi Sakkwato, ko Shika ta Zariya, ko Kano. Mai tafiya ya riƙe duk takardunsa da hotunan da aka taɓa ɗauka. Ya zuba duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su, har da na gargajiya, kada ya ɓoye. Ya kuma tafi da ɗan'uwa mai lafiya wanda zai iya ba da jini in an nema.

Manomi da mai kiwo da mai aikin gini kuma su riƙa duba launin fitsarinsu, musamman da bazara. Idan ya yi ja kamar shayi, jiki ruwa yake nema. Da azumi, a rarraba shan ruwa tun daga buɗa-baki har zuwa sahur, ba a tara shi lokaci ɗaya ba.